Giɓi da Ciko: Guntayen Marmar na Girka da Matsalar Karanta Tarihin Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Hanyar da ta tashi daga Funtuwa zuwa Gusau tana ratsa Kuceri da Tsafe da 'Yandoto kafin ta iso gindin dutsen Kwatarkwashi a ƙasar Bunguɗu. A ɗan wannan tsakani akwai wurare biyu da mai nazarin tarihin ƙasar Hausa ba zai iya tsallake su ba. Na farko shi ne 'Yandoto, tsohuwar cibiyar malamai wadda rundunar Muhammadu Bello ta ci da yaƙi wajen 1806. Na biyu shi ne Kwatarkwashi, inda aka tono mutum-mutumin gasasshen yumɓu masu yawa a shekarun 1990, aka fita da su ƙasashen waje ta ɓarauniyar hanya. Abin da ya saura na waɗannan wurare duka guntaye ne: ruwayar baka, da jerin sunayen sarakuna, da takardun da suka warwatsu, da kayan ƙasa waɗanda aka raba da makwancinsu. Duk wanda ya tashi rubuta tarihi daga irin waɗannan abubuwa dole ya ci karo da giɓi, kuma dole ya yi ciko.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba yadda masana rubuce-rubucen Girka na dā, waɗanda suka shafe kusan shekara 400 suna fama da fasassun allunan dutse, suka yi da wannan matsala, sa'an nan a auna aikin da aka yi kan tarihin ƙasar Hausa da ma'auninsu. Ra'ayin da za a kare shi ne, ciko ba laifi ba ne, domin ba a iya nazari sai da shi; laifin yana wajen ɓoye ɗinkin da ya haɗa abin da aka tarar da abin da aka ƙara.

Tun da fari ya kamata a kawar da wani ruɗani na kalma. Dutsen da ake magana a kansa shi ne farin dutsen nan mai sheƙi da Larabawa ke kira marmar. A Hausa kuwa marmara ita ce jan dutse mai tsakuwa da ake haƙa a zuba wa hanya. Saboda haka a nan za a riƙa cewa marmar, don kada kamar sauti ta ja mai karatu zuwa ga abin da ba shi ake nufi ba. Wannan tarko na kamar sauti za a sake haɗuwa da shi a gaba.

2.0 Allon Paros

A 1627 aka kawo wani fasasshen allon marmar birnin Landan, cikin kayan da aka saya a Izmir ta ƙasar Turkiyya domin wani basaraken Ingila, Thomas Howard na Arundel. Asalin allon daga tsibirin Paros ne. A 1628 masani John Selden ya buga abin da ya iya karantawa a kansa. Bayan haka, a hargitsin yaƙin basasar Ingila, sashen sama na allon ya salwanta, har ana cewa magina ne suka gyara murhu da shi. Abin da ya rage aka ba Jami'ar Oksfod a 1667, yana can har yau. Ke nan layukan farko na matanin ba su da wani tushe yanzu sai kwafin Selden, da daidansa da kuskurensa. A 1897 kuma aka sami wani guntun na daban a Paros ɗin kanta, wanda ya ɗauki labari daga 336 zuwa 299 kafin Miladiyya. Tsakanin guntun Oksfod da na Paros akwai giɓin kusan shekara 19 wanda ba a sami dutsensa ba.

Abin da ke rubuce a allon jerin aukuwa ne, kowace da yawan shekarun da ke tsakaninta da lokacin marubucin, watau wajen 264 kafin Miladiyya. Ya faro daga Kekrops, sarkin Atina na farko a ruwayarsu, wanda lissafin ya ajiye a 1581 kafin Miladiyya. Ya ba ɗufanar Deukalion shekararta, ya ba faɗuwar birnin Troy tata, watau 1209, ya kuma ba mutuwar Iskandar mai girma tata. Abin lura shi ne, murya ɗaya marubucin ya yi amfani da ita ga duka: sarkin da ruwaya ta ce rabinsa maciji ne ya sami lamba tsaf, kamar yadda yaƙin da kakannin marubucin suka gani da ido ya samu.

Darasi na farko ke nan. Taurin dutse ba ya ƙara wa magana gaskiya, lamba kuma ba hujja ba ce don kawai ta fito a siffar lamba. Allon Paros shaida ne mai ƙarfi kan abin da wani malamin Girka na ƙarni na 3 kafin Miladiyya ya ɗauka shi ne tarihin mutanensa. Kan abin da ya faru shekara dubu kafin a haife shi kuwa, ƙarfinsa bai wuce na ruwayar da ya ɗebo ba.

3.0 Ƙa'idar baka da rigimar harafi ɗaya

Yawancin allunan Girka a farfashe aka same su. An gina ganuwa da wasu, an ƙona wasu an yi farar ƙasa, an shimfiɗa wasu a daɓe. Babban allon da Atinawa suka rubuta kason harajin ƙawayensu a kai, daga 454 kafin Miladiyya, sai da aka harhaɗa guntaye fiye da 180 kafin ya tsaya da ƙafarsa. Mai karanta irin wannan yana da mataimaka biyu. Na ɗaya, takardun hukuma suna da kalmomin buɗewa da na rufewa da ba su cika canzawa ba, kamar dai wasiƙun fadar Sakkwato. Na biyu, masassaƙan Atina na wancan zamani sukan jera haruffa a kan layi a tsaye da kwance, kowane harafi ƙarƙashin ɗan'uwansa, ta yadda za a iya ƙirga adadin haruffan da suka ɓace.

Ana iya kwatanta wannan da Hausa. A ƙaddara an tsinci guntun allo ɗauke da kalmomin SARKIN KA, daga nan ya karye. Mai karatu zai iya cewa Kano, ko Katsina, ko Kabi, ko Kazaure. In ƙirga ta nuna gurbin haruffa biyu ne kawai, Katsina da Kazaure sun fita. Amma Kano da Kabi suna nan, kuma tarihin da za a gina a kan ɗaya ya yi hannun riga da wanda za a gina a kan ɗayar. Domin irin wannan ne masana suka taru a birnin Leiden na ƙasar Holan a 1931 suka amince da alamomi na bai ɗaya. Harafin da ya ɓace, mai gyaran matani ya maido da shi da hasashensa, ana sa shi cikin baka mai kusurwa, kamar haka: KA[NO]. Harafin da ake ganin ɓurɓushinsa amma ana shakka, ana ɗiga masa ɗigo a ƙasa. Inda ba a iya ciko ba, ana jera ɗige-ɗige daidai yawan haruffan da suka ɓace. Da kallo ɗaya mai karatu zai san inda dutse ya yi shiru, malami ya karɓi magana.

Duk da wannan tsari, an yi tuntuɓe. Akwai wani allon marmar mai ɗauke da yarjejeniyar ƙawance tsakanin Atina da garin Segesta na tsibirin Sisili. An daɗe ana amfani da shi a matsayin dokin ƙofa, har fuskarsa ta suɗe. Atinawa da sunan shugaban shekara suke ƙidayar shekaru, a wannan allo kuwa haruffa biyu na ƙarshen sunan ne kawai ke fitowa sarai, watau ON. Shugabannin da sunansu ya ƙare da haka suna da dama, cikinsu har da Habron na 458 da Antifon na 418 kafin Miladiyya. Manyan masana suka zaɓi shekarun 450, saboda wata ƙa'ida da suka kafa cewa harafin sigma mai sanda uku, wanda ke jikin allon, an daina sassaƙa shi a takardun hukuma wajen 446. Da wannan ƙa'ida aka sanya wa dokoki da dama shekara, har da dokar da ta tilasta wa ƙawayen Atina amfani da kuɗinta da ma'auninta, wadda aka buga wani guntunta daga tsibirin Kos a 1938. Sakamakon haka littattafai suka koyar cewa tun zamanin Perikles Atina ta riƙiɗe daga jagorar ƙawance zuwa uwargijiyar daula.

Tun daga 1961 Harold Mattingly ya yi ta musun wannan ƙa'ida, kusan shi kaɗai, yana cewa siffar harafi al'adar hannun masassaƙi ce, tsoho kuwa ba ya sauya hannu don shekara ta juya. A 1990 Mortimer Chambers da abokan aikinsa biyu suka auna tazarar haruffan, suka ɗauki hotuna, suka haska dutsen da hasken lesa, suka ba da rahoton cewa sunan Antifon ne. An yi gardama mai zafi, amma bayan Angelos Matthaiou ya sake duba dutsen da idonsa ya tabbatar da karatun a 2004, akasarin masana sun sallama. Yarjejeniyar ta gangaro da shekara 40, wasu dokokin suka biyo ta, aka koma ana sake rubuta babin da ake zaton an rufe. Ernst Badian ya riga ya yi gargaɗi a 1989 kan tarihin da ake ɗebowa daga cikin baka.

Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne dalilin da ya sa gyaran ya yiwu. Dutsen yana nan a gidan adana rubuce-rubucen dutse na Atina, an san inda aka same shi, bugun da aka yi masa kuma bai ɓoye cewa farkon sunan ciko ne ba. Kuskuren ya yi shekaru, amma ya bar ƙofar da za a shiga a kama shi.

4.0 Marmar a Afirka: Adulis da Gawo

Matsalar ba ta tsaya a tsibiran Girka ba, domin rubutun Girkanci ya iso gaɓar Bahar Maliya. Wajen 520 Miladiyya wani falke daga Iskandariyya mai suna Kosmas ya sauka Adulis, tashar jiragen ruwan daular Aksum, a ƙasar Eritriya ta yau. Ya tarar da wata karagar farin marmar mai rubutun Girkanci, a bayanta kuma da wani allon dutse wanda gindinsa ya karye. Hakimin garin ya sa shi ya kwafe su domin sarkin Aksum. Kosmas ya kwafi allon, da ya iso inda ya karye sai ya zarce da rubutun karagar, a zatonsa magana ɗaya ce ta sarki ɗaya, Batlimus na Uku na Masar, wanda ya yi mulki daga 246 zuwa 222 kafin Miladiyya. Sai a ƙarni na 19 aka gane cewa matani biyu ne: allon na Batlimus ne, karagar kuwa ta wani sarkin Aksum ce da ya zo bayansa da ɗaruruwan shekaru. Ɗinkin Kosmas ya ɗauki yaƙe-yaƙen wani sarkin Afirka a tsaunukan Habasha ya ba Bagirken Masar. Karagar da allon duka sun ɓace. Abin da ya ceci gaskiya shi ne Kosmas ya siffanta duwatsun biyu dalla-dalla, har da zane, ya kuma faɗi inda karayar take.

A Afirka ta Yamma, misali mafi kusa da ƙasar Hausa yana Gawo, a bakin Kwara. A 1939 aka gano wasu duwatsun kabari a maƙabartar Sane, gab da garin, masu rubutun Larabci irin na Kufi. Jean Sauvaget ya nuna cewa waɗansu daga cikinsu marmar ne da aka sassaƙa a Almeriya ta Andalus, aka ƙetaro Sahara da su a zamanin Murabiɗai. Ɗaya na sarki Abu Abdullahi Muhammad ne, wanda ya rasu a 494 Hijira, watau 1100. Wani na sarki Abubakar ɗan Abu Ƙuhafa ne, wanda ya rasu a 503 Hijira, watau 1110. Akwai kuma na mata masu laƙabin sarauniya. Shekara da shekaru malamai suna ta ƙoƙarin cusa waɗannan sunaye cikin jerin sarakunan da ke Tarikhus Sudan na Abdurrahman as-Sa'adi, wanda aka rubuta a Tumbutu wajen 1655, domin sun ɗauka littafin shi ne ma'auni, dutsen kuwa ɗan rakiya.

Paulo de Moraes Farias na Jami'ar Birmingham ya juya wannan lissafi a babban littafinsa na 2003, inda ya tattara rubuce-rubucen dutse na Gawo da Essuk da Bentiya, mafi tsufansu na 404 Hijira, watau 1013 zuwa 1014. Ya nuna cewa duwatsun sun girmi littattafan Tumbutu da fiye da shekara 500, kuma suna faɗin abubuwan da littattafan ba su sani ba, kamar matsayin sarauniyoyin nan. Marubutan Tumbutu sun yi aikinsu bayan mamayar Maroko ta 1591, suna neman labari mai santsi wanda zai haɗa daulolin da suka shuɗe a zare ɗaya. Santsin nan shi ne abin tuhuma, domin alama ce ta cewa an cike giɓi an shafe sawu.

5.0 Ciko a tarihin ƙasar Hausa

Da wannan ma'auni za a iya komawa gida. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Ingilishi ya buga a 1908, ɗan'uwan allon Paros ne ta fuskar gini. Ya jero sarakuna 48 daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello, kowane da yawan shekarun sarautarsa. Matanin Larabcin bai ce Bagauda ya hau gado a 999 ba. Palmer ne ya tara shekarun sarautun, ya yi ta ɗebewa da baya har ya dire a wannan lamba. Lissafin yana tsayawa ne kawai in an yarda cewa ba a manta da sarki ko ɗaya ba, ba a yi sarakuna biyu a lokaci guda ba, kuma kowace lamba ta ratso ɗaruruwan shekaru a bakin maroƙa da alƙalamin masu kwafi ba ta gurɗe ba. Murray Last a 1980 da John Hunwick a 1994 sun kawo hujjoji cewa a ƙarshen ƙarni na 19 aka harhaɗa littafin a siffar da aka san shi. A ƙa'idar Leiden, 999 cikin baka take. Amma bakan ya faɗi a hanya, har lambar ta shiga littattafan makaranta da jawaban bukukuwa a matsayin abin da aka tarar.

Ciko na biyu ya fi wannan haɗari, shi ne na kamar sauti. Palmer ya danganta Bayajidda da Abu Yazid, ɗan tawayen Afirka ta Arewa da aka kashe a 947, kamar yadda aka danganta Kisra na ruwayoyin Bargu da Kisra sarkin Farisa. Hanyar ita ce a ɗauki suna, a nemo mai kama da shi a wata ƙasa mai nisa, sa'an nan a shimfiɗa ƙaura tsakaninsu. Da irin wannan hanya ana iya cewa Girkawa ne suka koya wa Hausawa haƙar marmara. Kama da wane ba ta wane. Abdullahi Smith, a maƙalarsa ta 1970 kan kafuwar daulolin ƙasar Hausa, ya nuna cewa wannan salo ya ginu ne bisa zaton cewa sarauta da birni sai baƙo ya kawo su, ya kuma mai da hankalin masu bincike ga ƙasa da noma da ƙarfe da duwatsun da mutane suka taru a gindinsu. Kuskuren Kosmas ke nan a wata riga: an ɗinke gida da waje, an ba baƙo aikin ɗan gari.

Akwai ciko na uku wanda ya shafi malaman Hausa kai tsaye, watau juyar da ajami zuwa boko. Rufu'a ɗaya ce ke wakiltar wasalin u da na o. Masu kwafi da yawa ba su rarrabe k da ƙ. Saboda haka kalma ɗaya a takarda tana iya zama kura, ko kora, ko ƙura, ma'anar baiti kuwa tana rataye a kan zaɓin. Ga kuma cin gara, da zubar tawada, da baitin da ke cikin wannan kwafi babu shi a wancan. Mai juyawa dole ya zaɓa, kuma sau da yawa karin waƙa da amsa-amo suna taimakonsa kamar yadda ƙirgar haruffa ke taimakon mai karanta marmar. Aibin shi ne a fitar da matani fes a boko, ba baka, ba ɗigo, ba bayanin kwafin da aka bi ko hannun da aka same shi. Ɗalibi ya zo ya gina babi guda kan zaɓen kalmar mawallafi, alhali kalmar ta mai juyawa ce.

6.0 'Yandoto da Kwatarkwashi

Wuraren nan biyu da aka buɗe magana da su suna nuna giɓi iri biyu. Na 'Yandoto giɓin murya ne. Ruwayar Katsina ta ce daga can Muhammadu Korau ya fito, wanda ya kashe Sanau ya kawo ƙarshen mulkin Durɓawa. Sunan garin ya wanzu a sarautar 'Yandoton Tsafe. Amma abin da aka fi sani game da matsayin malamanta a kan jihadi ya zo ne ta alƙalamin waɗanda suka ci su da yaƙi. Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1981 kan Katsina, ya nuna amfanin karanta kowace majiya tare da tambayar wane ne ya rubuta, don wa, a wane hali. Mai rubutu a yau yana fuskantar jarraba biyu: ya cike shirun malaman 'Yandoto da hukuncin abokan gabarsu, ko ya cike shi da hujjojin da yake so a ce sun kawo. Duka biyun ciko ne, kuma duka biyun suna bukatar baka.

Na Kwatarkwashi ya fi muni, domin giɓin makwanci ne. Kayan yumɓun da aka tono can a shekarun 1990 masu neman abin sayarwa ne suka tono su, kamar yadda Patrick Darling ya ba da rahoto a 2000. A wannan shekara Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa irin waɗannan kaya na Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin abubuwan da ke cikin haɗarin sata. A shekarar ce kuma aka baje biyu daga cikin wasu guda uku (biyu na Nok, ɗaya na Sakkwato) a gidan tarihi na Louvre a Faris, abin da ya jawo taƙaddamar da ta ƙare a 2002 da amincewar Faransa cewa mallakar Nijeriya ne, tana riƙe da su aro na shekara 25. Ko da za a dawo da kowane ɗaya, abin da aka rasa ba zai dawo ba: zurfin da aka same shi, gawayin da ke kusa da shi wanda za a auna shekarunsa, tsingaron da ke tare da shi, ko kabari ne ko wurin bauta. Sunayen nan na salon Sakkwato da salon Katsina ma galibi daga bakin dillalai suka fito. Kan mutum-mutumi wanda ba a san raminsa ba kamar harafi ne da aka ɓalle daga allo, kowa na iya sa shi a kalmar da ya ga dama.

A gwada wannan da Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a ƙasar Katsina. Palmer ya tona wasu kaburburan a 1907, aka sake tono a 1992 bisa tsari, aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka tsabtace su aka auna. Saboda an rubuta abin da ke kusa da me, an iya sanya kaburburan tsakanin ƙarni na 13 da na 16, an kuma ga kayan tagulla da duwatsun ado da wuri waɗanda suka zo daga nesa. A nan ƙasa ta ba da shaidar da za a iya gwada ruwayar Durɓawa da ita, kamar yadda duwatsun Sane suka gwada littattafan Tumbutu. Rashin tsaron da ya addabi yankin Tsafe da Bunguɗu tun shekarun 2010 ya sa irin wannan aiki ya yi wuya a can, abin da ke ƙara nauyin kiyaye ɗan abin da ke hannu.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya tsamo ƙa'idoji uku ga sassan Hausa da na tarihi a jami'o'i. Ta farko, duk matanin ajami ko na Larabci da za a buga ya zo da hoton asalinsa, da bayanin inda aka same shi, da alamomin da ke raba abin da ke takarda da abin da mai gyara ya ƙara. Ta biyu, duk shekarar da aka samu ta hanyar tara tsawon sarautu a faɗi cewa lissafi ce, a kuma faɗi mai lissafin. Ta uku, ruwayar da aka ɗauko a Kuceri ko 'Yandoto ko Kwatarkwashi a ajiye ta da lafazin mai ba da ita, da ranar ɗauka, kafin a gauraya ta da ta wani gari don a sami labari mai santsi.

Masu karanta marmar na Girka ba su fi kowa tsira daga kuskure ba, rigimar Segesta ta isa shaida. Abin da suka samu shi ne al'adar barin sawu, yadda na baya zai iya bin na gaba ya ga inda ya zame. Mattingly ya jira kusan shekara 30 kafin a sake duba dutsen, amma da aka tashi dubawa an tarar da dutsen, an kuma tarar da bakan. Abin tambaya ga mai nazarin ƙasar Hausa shi ne, in wani ya zo bayan shekara 30 yana musun karatunsa, me ya bar masa da zai koma ya duba.